Distirakta yana gudu sau biyu a C++, ina kuskurena yake?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah ku taimaka mini, kwana uku ke nan ina fama da abu ɗaya.

Ina koyon C++, na rubuta aji mai suna `Jeri` da ke ajiye lambobi. A kwanstirakta na ware wuri da `new int[10]`, a distirakta kuma na sake shi da `delete[]`. Muddin abu ɗaya na ƙirƙira, komai lafiya lau. Amma da zarar na rubuta `Jeri b = a;` sai shirin ya faɗi a ƙarshen `main`, yana cewa "free(): double free detected in tcache 2".

Na sa `cout` in bi sawu: kwanstiraktan da na rubuta sau ɗaya ya gudu, distirakta kuwa sau biyu. Zatona shi ne kwafin da C++ ke yi da kansa adireshin kawai yake ɗauka, ba lambobin ba, shi ya sa `a` da `b` suke riƙe da wuri guda.

In haka ne, kwanstiraktan kwafi kaɗai ya isa, ko dole sai na rubuta `operator=` ma? An ce in koma `std::vector`, amma ni so nake in gane abin da hannuna tukuna. Na gode.