Ƙululu ko ƙari? Neman sunan "burl" da Hausa

Kafintoci da masassaƙa, da ku malaman Hausa, ku matso kusa. Akwai kumburin nan da ke tasowa a jikin bishiya ko a gindinta, dunƙulalle kamar tulu, wanda Bature ke kira "burl". Wane suna za mu tsayar masa?

Masu cewa gaɓa, ban bi bayanku ba. Gaɓa, wato inda reshe ya fita, abu ne daban, kafinta ma gudunsa yake yi don yana raunana katako. Wannan kuwa rauni ko cuta ko wata wahala ce ke sa bishiya ta tara tsiron da bai fita ba a wuri guda, jijiyar itacen ta murɗe ta nannaɗe. Idan aka yanka sai ka ga zane mai idanu-idanu. Shi ake liƙawa a allon gaban direba cikin motoci irin su Rolls-Royce, kuma da shi masu sana'a a Essaouira ta ƙasar Maroko ke yin akwatuna, daga saiwar bishiyar thuya.

Wani dattijo ya kawo kalmar ƙari. Baba, Allah ya ƙara girma, hujjarka tana da ƙarfi, don kuwa tsiro ne da ya kauce hanya. Sai dai ka je Na'ibawa 'Yan Katako, kasuwar katako ta Kano, ka ce kana sayar da ƙari, ka ga wanda zai taya. Kunne na jin kalmar, asibiti yake tunawa. Ni ƙululu na zaɓa: yana faɗin siffar abin, bai kuma aibata shi ba.

Saura "veneer". Kada mu ce fomeka, ita takarda ce da aka matse da sinadari. Wannan itace ne na gaske, da ake tafasawa ko a turara har ya yi laushi, sannan wuƙar inji ta fere shi siriri, galibi wajen milimita 0.6. Falle ya wadatar, kamar yadda muke cewa fallen takarda. Fallen ƙululu ke nan, jam'i fallaye.

Abin da ya fi damuna shi ne busarwa. Tunda jijiyar ƙululu ba ta bi hanya ɗaya ba, kowane gefe jan nasa yake yi idan ruwa na fita, sai ya tsage. Hunturun Kano kuwa ba ya jira. Da an yanka a shafe fuskar da kakin zuma ko narkakken kyandir, a ajiye a inuwa, nesa da iska. Masu busar da katako kan ƙiyasta shekara guda ga kowane inci na kauri, ƙululu yakan zarce haka. Fallayen kuma lanƙwashewa suke yi, don haka a jera su tsakanin takardu, a danne da allo mai nauyi, ana sauya takardun idan sun jiƙe.

Mai gardama a kan ƙululu ya kawo tasa kalmar tare da hujja, musamman ku masu sassaƙa turmi da akushi, da kuka fi kowa cin karo da shi a jikin itace.