Me ya sa teku ke cin gaɓar Legas ta gabas alhali ta yamma tana ƙaruwa?

Sa'idu Agege:
Assalamu alaikum. Ina neman ƙarin haske daga waɗanda suka san harkar. Tsofaffin mazauna Legas suna cewa Bar Beach, wato bakin tekun da ke gabas da mashigar jiragen ruwa, a da fili ne mai faɗin gaske, amma teku ya yi ta cinsa har ta kai ruwa yana hawowa titin Ahmadu Bello da ke Victoria Island. A tsallaken mashigar jiragen ruwa kuwa, ta ɓangaren yamma, an ce yashi taruwa yake yi. Tun da teku ɗaya ne, me ya kawo wannan bambanci? Ko kuwa duk aikin sauyin yanayi ne? Kuma a wane lokaci ne ɓarnar ta fi yawa?

Malam Habibu:
Wa alaikumus salam, Malam Sa'idu. Amsar tana cikin yadda igiyar ruwa ke isowa gaɓa. Manyan igiyoyin da ke dukan Afirka ta Yamma ba a nan kusa suke tasowa ba. Guguwar da ake yi can kudancin Tekun Atlantika ce ke tayar da su, su yi tafiyar dubban kilomitoci, su iso mana daga kudu maso yamma. Da yake a karkace suke dukan gaɓa, kowace igiya takan tura yashi sama a kaikaice, sa'an nan ruwan ya koma ƙasa a miƙe da yashin, ta bayanta kuma ta sake ɗaukarsa ta gusa da shi gaba kaɗan. Duk wanda ya jefa kwalbar roba a bakin ruwan Lekki ya tsaya kallo zai ga tana shiga tana fita, amma a hankali gabas take nufa. Haka yashi ke tafiya dare da rana, daga wajen Gana, ya ratsa Togo da Benin, ya shigo Nijeriya.

Muddin abin da ke isowa daga yamma ya yi daidai da abin da ke wucewa gabas, gaɓa tana nan inda take. Tsakanin 1908 da 1912 Turawan mulkin mallaka suka gina dogayen shingayen duwatsu a bakin mashigar Legas domin kada yashi ya toshe wa jirage hanya. Shingen yamma ya tare yashin, shi ya sa gaɓar yamma, wajen hasumiyar fitilar da ke yi wa jirage jagora, ta yi ta faɗaɗa, Bar Beach kuwa ta zama kamar rumbun da ake ɗiba kullum ba a zubawa. Hauhawar ruwan teku saboda ɗumamar duniya gaskiya ce, kuma tana ƙara tsananta lamarin, amma a ganina a wannan wuri shingen ne babban sila.

Hajiya Rabi, Nima:
Malam Habibu ya yi bayani mai gamsarwa, sai dai ina so in ƙara da cewa ba a bakin teku kaɗai ake tare yashi ba. Mu nan Gana, tun da aka kammala madatsar Akosombo a 1965, yawancin yashi da lakar da Kogin Volta ke kaiwa teku sai suka riƙa kwanciya a bayan madatsar. Garin Keta, wanda ke gabas da bakin kogin, dama yana fama da zaizaya, sai abin ya ƙara muni. Teku ya haɗiye gidaje da tituna, ya kuma rushe wani sashe na ganuwar Prinzenstein da 'yan Denmark suka gina a 1784. An yi babban aikin kariya a farkon shekarun 2000, garin ya samu sauƙi, amma ƙauyukan da ke gaba da shi ta gabas har yanzu suna kuka.

Injiniya Bala:
Hajiya ta taɓo abin da aka fi mantawa da shi: katanga tana kare abin da ke bayanta ne kawai, ba ta samar da yashi ko ƙwaya ɗaya. Katangar Eko Atlantic (sabon birnin da ake ginawa a filin da aka cike a teku wajen Bar Beach), mai tsawon kimanin kilomita 8, wadda aka jera mata curin kankare masu nauyin tan 5 kowanne, ta hana ruwa hawa Victoria Island, amma igiya ba ta daina kwasar yashi a gabashinta ba, kuma shi ya sa aka koma jera gajerun shingayen duwatsu a gaɓar Lekki. Ga kuma masu haƙar yashi da ke cika tifa-tifa ana kai wa magina.

Game da lokaci kuwa, Malam Sa'idu, ɓarnar ta fi yawa daga Yuli zuwa Satumba, domin a lokacin ne ake hunturu a kudancin duniya, guguwa ta fi ƙarfi, igiyoyin kuma su iso da tsayi. Idan suka haɗu da cikar teku ta tsayuwar wata ko ta daren sha huɗu, ruwan yakan kai inda bai saba kaiwa ba, kamar yadda ya faru a bakin tekun Kuramo da ke Victoria Island a watan Agusta na 2012, inda aka yi asarar rayuka. Bayan damina, ƙananan igiyoyi sukan dawo da wani kaso na yashin da ya kwanta kusa da gaɓa, amma wanda ya riga ya wuce gabas ba ya komowa.