Za a rufe firamaren ƙauyenmu a haɗe mu da ta cikin gari, mu sa hannu ko mu ƙi?

Baban Ummi:
Assalamu alaikum 'yan uwa, don Allah shawara nake nema kuma da gaggawa, ranar Alhamis za mu zauna. Ina cikin kwamitin al'umma mai kula da makaranta (SBMC) na firamaren ƙauyenmu, sakataren ilimi ya aiko cewa za a rufe tamu da wasu biyu na kusa a kwashe yaran a kai babbar firamare ta cikin gari, wai yaranmu ba su kai saba'in ba kuma malamai biyu ne kacal, ɗayan ma shi ne hedimasta shi ne na lissafi. Gaskiya ban musa ba, aji biyu ne masu rufi sauran a gindin darbejiya ake zama, ɗana yana aji huɗu har yanzu bai iya rubuta sunansa daidai ba, wallahi abin yana ci min rai. Amma garin tafiyar kusan awa guda ce a ƙafar yaro, ga rafi a tsakani in ya kawo da damina ko babba sai ya jira ruwa ya janye. Dagaci yana so mu sa hannu, iyaye mata kuma sun ce su kam ba za su tura 'ya'yansu mata ba. Ni ya zan yi?

Tsohon Hedimasta:
Wa alaikumus salam. Baban Ummi kafin ka ɗauki biro ka je makarantar garin da ƙafarka, ranar Litinin da safe, ka leƙa aji ɗaya ka ƙirga kawuna. Tsarin ilimi na ƙasa cewa ya yi malami ɗaya yara 35 a firamare, ni na koyar a ajin da ya haura ɗari, na baya ko muryata ba sa ji. In haka ka tarar to ɗanka zai bar gindin bishiya ne ya koma bayan aji, bai ƙaru da komai ba sai gajiya. Shawarata ku nemi a raba, aji 1 zuwa 3 su zauna ƙauye da malamanku biyun nan, aji 4 zuwa 6 su tafi gari tunda sun ɗan yi ƙwari. Malami ɗaya yana iya riƙe aji biyu na ƙanana in yaran ba su da yawa, mun sha yi. Kuma ku tuna musu dokar UBE ta 2004, ilimi kyauta ne kuma dole tun daga firamare har aji uku na ƙaramar sakandare, to wanda ya ce dole shi ya kamata ya kawo makarantar inda ƙafar ɗan shekara shida za ta kai.

Ɗan Autan Inna:
Baba da girmamawa amma ni ban yarda ba. Ku sa hannu kawai. Ni irin wannan makarantar na yi, malami ɗaya in ya tafi karɓar albashi an tashi kenan har kwana uku, sai da aka mayar da ni gari wajen kawuna na san ana koyar da Turanci. Malamai ba sa son zama ƙauye kowa ya sani, duk wanda aka turo wata biyu ya nemi canji. Gara yaro ya sha tafiya ya samu karatu da ya zauna kusa da gida yana wasan ƙasa.

Maman Khalifa:
Auta kai namiji ne shi ya sa. Yarinya ce za ta yi awa guda a hanyar daji safe da rana? A wannan zamanin? Ba uwar da za ta yarda, za a ce ta zauna ta ɗauki talla kawai, shekara biyu a yi maganar aure. Kuma masu cewa in an tara yara wuri ɗaya an fi iya tsaronsu, Ƙanƙara fa babbar makaranta ce aka kwashi yara sama da 300 a Disambar 2020, Jangebe ma an kwashi yara a 2021, Kuriga a 2024. Baban Ummi ka saurari matan nan, su suka san waye zai tafi waye zai zauna.

Malama daga Maiduguri:
Mu nan mun ga manyan makarantun da aka fara ginawa lokacin Kashim Shettima, Zulum ya ci gaba da su, benaye ne masu kyau masha Allah kuma marayu da 'yan gudun hijira sun amfana sosai. Amma ku lura mutanen ne rikici ya riga ya taro cikin gari, sai makaranta ta biyo su. Naku daban ne, kuna zaune a gonakinku ake so a ɗauke makarantar.

Abu Hanif:
Ƙasar Sin ta yi wannan daga 2001, ta rufe ƙananan makarantun ƙauyuka masu ɗimbin yawa ta haɗe su, ƙarshe tafiya ta yi wa yara nisa, kuɗin mota ya hau kan iyaye, aka yi ta haɗarin motocin ɗalibai, a 2012 gwamnati da kanta ta taka wa abin birki. Su da ke da kuɗi da hanyoyi kenan fa. In za ku yarda to a rubuce, wa zai kai yara wa zai dawo da su, wa zai sa mai, da damina ya za a yi da rafin, malamai nawa za a ƙara a can, kuma ginin naku kar a bar shi ya zama turken awaki. Alkawarin baki ba ya ɗaukar yaro a mota.

Baban Ummi:
Na gode ƙwarai Allah ya saka da alheri. Auta maganarka ta taɓa ni don ita ce damuwata a kan ɗana, ba zan ɓoye ba. Amma na ƙirga ɗazu da hedimasta, cikin yaranmu mata 29 ne kuma uwaye huɗu kawai suka ce za su bari a je gari. Gobe Litinin zan hau mashin in je in ga ajin da idona kamar yadda Baba ya ce, daga nan in wuce wajen dagaci da maganar raba ajin. Baba don Allah in ba damuwa ka turo min yadda ake rubuta takardar, ina so ta kai ofis kafin Alhamis, kuma zan nemi mata biyu su zo zaman su faɗa da bakinsu.