Ina son shiga rizab na sojan Amurka ɓangaren bayanan sirri amma girin kad gare ni, zai yiwu?

Bakano_Bronx ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah wanda ya san harkar sojan ƙasar nan daga ciki nake nema, ba mai "na ji an ce" ba. Shekarata 27, ina Bronx, girin kad ɗina ta aure ce kuma ta ɗan haura shekara biyu, ina da digiri daga gida, yanzu dai Uber nake ja da dare. So nake in shiga rizab, wanda ake zuwa Asabar da Lahadi sau ɗaya a wata da sati biyu a shekara, amma ɓangaren tattara bayanan sirri nake hari saboda an ce in mutum ya samu kiliyarans, wato izinin ganin bayanan sirrin gwamnati, ƙofofin aikin gwamnati da na 'yan kwangila suna buɗe masa.

Na je ofishin masu ɗaukar soja, sajan ɗin ya karɓe ni hannu bibbiyu, da na ce ina jin Hausa da ɗan Larabci har cewa ya yi ai irinku ake nema, amma yana ganin girin kad sai magana ta canja, wai in fara shiga a direban babbar mota ko mai kula da sito, in na zama ɗan ƙasa sai a mayar da ni can. Gaskiya hankalina bai kwanta ba. Ga shi Umma da ƙannena duk suna Kano, yayana yana aikin kwastan, ina da fili da asusun banki a gida, kuma duk wata sai na tura kuɗi. Duk wannan zai hana ni ne? In sa hannu ko in jira?

Tsohon_Sajan ya rubuta:

Wa alaikumus salam ƙanena. Ni na yi 35F a rizab, wato mai nazarin bayanai, to bari in faɗa maka yadda abin yake. Sajan ɗin bai yi maka ƙarya ba a rabin farko. Da girin kad za ka iya shiga soja, amma duk aikin da lambarsa ta fara da 35, wato ayyukan bayanan sirri, sai da kiliyarans, mafi yawa ma na ƙoli, kuma ba a ba wanda ba ɗan ƙasa ba, babu wata alfarma ko sanayya a nan. Da can akwai shirin MAVNI da ake ɗaukar baƙi masu jin harsuna, an rufe shi tun 2016, duk wanda ya ce maka yana da hanya ta nan ka riƙe aljihunka.

Rabi na biyu ne matsalar. "Sai a mayar da kai" ɗin nan ba ya cikin takarda, kuma abin da ba ya cikin kwantiragi a soja babu shi. Shekara 8 kake sa wa hannu, galibi 6 kana zuwa atisaye, 2 sunanka na ajiye ko da za a buƙace ka. Canja aiki daga baya yana yiwuwa, na ga waɗanda suka yi, amma sai kwamandanka ya yarda ya sake ka, sai akwai gurbi a wata rundunar, sai an samu kuɗin makaranta, shi kuwa sajan ɗin da ya yi maka alkawari lokacin ya daɗe da barin ofishin. Tunda girin kad ɗinka ta aure ce, in matarka 'yar ƙasa ce shekara 3 ake buƙata kafin zama ɗan ƙasa ba 5 ba, kuma ana iya tura N-400, fom ɗin neman zama ɗan ƙasa, saura kwana 90 su cika. Kenan abin da ya rage maka bai kai shekara ba, kuma da sauranka a shekaru, iyakar shekara 35 ce lokacin da na shiga. Ni dai da kai ne jira zan yi, in yi amfani da lokacin in haddace littafin ASVAB, jarrabawar shiga soja. Maki 31 ya isa a ɗauke ka soja, amma 35F yana son 101 a layin da suke kira ST, kuma lissafi da Turancin jarrabawar sun kayar da masu digiri da yawa saboda raini.

Maganar 'yan uwa kuma, ba ta hana kai tsaye, jinkiri take kawowa. Za ka cike fom SF-86, doguwar takarda ce ta gaske, duk inda ka zauna shekara 10 baya da wanda ya san ka a wuraren da ka zauna cikin shekara 3 na ƙarshe, duk ƙasar da ka je, da duk baƙon da kuke da alaƙa ta kusa cikin shekara 7. Ka san mu da dangi, Bature zai rubuta mutum biyu ya wuce, kai kuwa sai ka zauna da waya kana tambayar Umma ranar haihuwar kowa da adireshinsa. Yayanka na kwastan za su tsaya a kansa sosai don ma'aikacin gwamnatin wata ƙasa ne, mai binciken zai tambaye ka muƙaminsa, sau nawa kuke waya, ya san aikin da kake nema? Filin da asusun duk ka rubuta, har kimar kuɗinsu. Kuɗin da kake turawa ka riƙa bi ta hanyar da ke barin rasit, ka daina ba mai shago dala a nan a ba Umma naira a Wapa, ba don haramun ba ne a wajenmu, don ranar da aka ce nuna shaida ba ka da ita. Hukumar DCSA ce ke binciken, kuma abin da ya fi kayar da mutane ba dangi ba ne, bashi ne da ɓoye magana. Ƙarya a fom ɗin laifi ne na tarayya da zai iya kai mutum shekara 5 a gidan yari.

Maman_Hanif ta rubuta:

Yaya Sajan ka yi bayani Allah ya saka, amma ni ban yarda da jiran nan ɗari bisa ɗari ba. Maigidana da girin kad ya shiga, aikin sito aka ba shi, kwamanda ya sa masa hannu a N-426, takardar shaidar aikin soja, ya samu zama ɗan ƙasa ta hanyar soja ko sisi bai biya ba, kuma inshorar lafiya ta TRICARE kaɗai ta ishe mu riba, duk wanda ya taɓa kai yaro asibiti a ƙasar nan ba inshora ya san me nake nufi. Sai dai shi lokacin da sauransa shekara huɗu kafin ya cancanta, to kai da ya rage maka 'yan watanni lissafinka daban ne, na yarda.

Abin da nake so ka sani ɗan uwa, kar "sau ɗaya a wata" ɗin nan ya ruɗe ka. Da farko sati 10 za ka yi a horon farko ba kai ba waya sai ɗan lokacin da aka ba ku, daga nan makarantar aiki, ta 35F ɗin kusan wata huɗu ce a Fort Huachuca can Arizona kusa da iyakar Meziko, ka ga rabin shekara kenan matarka ita kaɗai da haya da komai. Kuma ana iya kiran rundunarku a tura ku waje wata tara ko fiye. Akwai dokar USERRA da ta hana mai aiki ya kore ka saboda soja, amma kai da kake Uber wa zai riƙe maka me? Kuɗin atisayen wata ga ƙaramin soja wajen dala 300 zuwa 400 ne, da kaɗan ya wuce kuɗin mai da cefane. Digirinka ka kai a tantance shi tun yanzu, in ya samu karɓuwa da muƙamin E-4 za ka fara ba E-1 na ƙasa ba. Kuma ka zauna da matarka ku yi maganar nan tsakani da Allah kafin ka je MEPS, cibiyar da ake gwajin lafiya da sa hannu da rantsuwa, ba bayan ka ɗaga hannu ba.

Dan_Damagaram ya rubuta:

Salam. Ni ba soja ba ne, tafinta na yi wa wani kamfanin kwangila, don haka kan harshe zan yi magana. Malam Bakano kar ka ɗauka don ka sha Hausa a nono shikenan ka ci jarrabawa. Akwai DLPT, jarrabawar soja ta gwada iya harshe, ta Hausa, karatu da saurare, labarai ne irin na rediyo da sharhin jarida, kuma da Turanci za ka ba da amsa, to mai Hausar zaure da bai saba karanta boko ba yana iya shan mamaki. Ka dinga karanta Aminiya kana sauraron BBC da DW da RFI, har da Hausar Nijar don kalmominmu na gwamnati daga Faransanci suke. In ka ci ana ƙara ɗan alawus na harshe, amma jerin harsunan da ake biya yana canjawa. Sannan akwai jarrabawar DLAB, ita wani harshe ne na ƙirƙira za su ba ka dokokinsa su ga saurin kamawarka, da ita ake tura mutum makarantar harsuna ta Monterey, kuma soja ne ke zaɓar harshen ba kai ba, Bahaushe na iya tsintar kansa yana koyon Rashanci, Larabci ma sati 64 ne cur.

Ɗaya maganar da ba wanda ya taɓo, ka tambayi zuciyarka. Wanda ya iya Hausa a wannan aiki ai ba kan Koriya za a so ya zauna ba, yankinmu ne. Sojan Amurka sun yi shekaru a sansanin 201 na Agadas kafin su fice a 2024, an kashe musu mutum huɗu a Tongo Tongo a 2017, har yanzu idonsu na kan Sahel da tafkin Cadi. Wani zai ce ai yaƙi da masu kashe mana mutane ne, wani kuma ba zai iya barci ba. Ban ce maka ga daidai ba. Kuma ka sani da kiliyarans zuwa gida ma sai ka sanar tun kafin ka sayi tikiti, ko rasuwa aka yi.

Bakano_Bronx ya rubuta:

Kai jama'a na gode, Allah ya bar zumunci. Anti Maman Hanif wlh maganar Madam ɗin nan ta shige ni, ban ma gaya mata na je ofishin ba tukuna. Yallaɓai Sajan saura abu biyu, fasfo ɗina na Najeriya dole sai na yar da shi? Sannan in na zama ɗan ƙasa ko'ina zan samu gurbin 35 ɗin?

Tsohon_Sajan ya rubuta:

Fasfo tun 2017 dokar ta sassauta, riƙe shi kaɗai ba ya kayar da kai, amma dole ka bayyana shi, kuma shiga da fita Amurka da na Amurka za ka yi. Za su tambaye ka ko a shirye kake ka bar ɗaya ƙasar in an buƙata, ka shirya amsar da za ka iya tsayawa a kanta, kuma wasu wuraren aikin sharaɗinsu ya fi na doka tsauri musamman ga mai uwa da 'yan uwa a waje.

Gurbi kuma a rizab ba kamar sojan dindindin ba ne, kujerar wata runduna takamaimai ake ba ka, in babu 35F a kusa da kai to babu, sai ka jira ko ka yarda ka riƙa tuƙi zuwa wata jiha duk wata. Yawancin rundunonin suna ƙarƙashin MIRC, babbar rundunar bayanan sirri ta rizab, mai hedikwata a Fort Belvoir, Bajiniya. Ranar da ka je MEPS ɗin Fort Hamilton ka ce a juyo maka da kwamfutar ka ga lambar aikin da sunan rundunar da idonka, in ba 35 ba ce ka miƙe ka ce za ka dawo, ba wanda zai kama ka matuƙar ba ka sa hannu ka yi rantsuwa ba. Kuma tarihin asibitinka na nan duk suna gani a na'ura yanzu, in ka taɓa amfani da abin shaƙa na asma ko an yi maka aiki ka tafi da takardun likita a hannu.