Hoton aure a cocin Holy Family bayan Ista: in karɓa ko in bari?

Ɗan Mabera: Assalamu alaikum 'yan uwa. Wata da muke aiki tare ta ce in ɗauki hoton auren ƙanwarta a babban cocin Katolika na Holy Family da ke Sakkwato, Asabar ɗin bayan Ista. Ƙarfe 10 za a shiga, kuma amarya ta dage sai an ɗauke ta a haraba wurin shuke-shuke da zarar an fito, wato tsakar ranar Afrilu ke nan. Ban taɓa aiki a coci ba. Kyamarar Canon gare ni da gilashin bakin kyamara 50mm guda ɗaya, babu mataimaki. In karɓa? Nawa zan faɗa, kuma wa ake neman izini wurinsa?

Yaron Arkilla: Ka nemi gilashi 70-200 mai jawo nesa kusa kawai, ka kuma ɗauki yara biyu.

Ɗan Mabera: Guda ɗaya na ce gare ni, malam.

Antin Gawon Nama: Ƙanena, ni 'yar cocin ce. Kada ka tsaya neman Bishop Kukah, wannan ba aikinsa ba ne. Amarya ta haɗa ka da katikis ko fadan da zai ɗaura auren, kwana biyu kafin ranar. Za su nuna maka inda za ka tsaya. Kada ka hau wurin bagade, kuma lokacin da fada ya ɗaga gurasa da ƙoƙo, kowa ya durƙusa, ka tsaya cik inda kake. Musayar zobe ita ce abin da iyali za su fara nema, kada ta wuce ka.

Baffan Kanwuri: Wanga zance na zobe ya tuna mini ciwona. Shekaru huɗu da sunka wuce munka tai wani aure a wani gari, kyamarar ma aro na yi. Ciki da duhu, sai na kunna filasha. Ana tsakiyar addu'a ta haska sau biyu, wani dattijo mai jan ɗamara ya riƙe mini hannu har bakin ƙofa, bai ce uffan ba. Ina tsaye waje ina jin guɗa, ashe zoben ke nan anka sa. Uwar ango ta buɗe albam ta juya, ta juya, ta ce ina zobe? Na ce Hajiya, au, Mama, ga yadda anka yi. Ta rufe ta tura mini. Rabin kuɗina har yau, kuma mai kyamara bai yafe ko sisi ba. Akuyar maiɗakina na sayar na biya shi.

Na Runjin Sambo: Allah ya jiƙan akuya, ta mutu a kan aikin jarida.

Baffan Kanwuri: Kai yaro, ba abin dariya ba na. Wata uku ba a yi mini fura ba a gidana.

Mai Hoton Tudun Wada: Baffa laifinka ne. Da gilashin Ɗan Mabera ba ya buƙatar filasha, ya buɗe ƙofar haskensa zuwa 1.8 ko 2, ya ɗaga ISO, wato ƙarfin ɗaukar haske na kyamara, kamar 1600. Wajen ne matsala. Ranar Sakkwato a Afrilu zafi na wuce digiri 40, rana na bisa kai, idon mutum ya zama rami biyu baƙi, farar riga kuma ta ƙone ba ka ganin ɗinki. Kada ka yarda da inuwar dogon yaro mai tsaga-tsaga, fuska za ta fito dabbare-dabbare. Nemi inuwar gini, ko ka lallashe ta ku dawo bayan la'asar. Ni dubu 150 nake karɓa har da albam.

Yaron Arkilla: Dubu 150 a garin nan? Makon jiya na yi wuni guda a dubu 40.

Mai Hoton Tudun Wada: Shi ya sa kuka kashe mana kasuwa.

Baffan Kanwuri: Ku duka yaushe kunka fara? Ni tun zamanin fim nike riƙe kyamara, sai a kai wanki a jira mako.

Na Runjin Sambo: Wanda aka fitar da shi waje ne zai koyar da zaman ciki?

Antin Gawon Nama: Bayan la'asar ba zai yiwu ba fa, lokacin ana wurin liyafa, kwalliya ma ta narke.

Maman Biyu: Ni duk ba wannan ba. A auren ƙanwata mun biya mai hoto, amma kowane hoto akwai hannun wata da waya a gaban amarya. Ko fuskar mahaifinmu ba ta fito ba sau ɗaya.

Mai Hoton Tudun Wada: Su ne kuma za su dame ka da dare, ka ƙara mini haske, ka rage mini kumatu. Wata na gyara ta har mijinta ya tambaya wace ce wannan.

Ɗan Mabera: To dubu 40 ko 150? Gobe zan ba ta amsa.

Maman Biyu: Wallahi ya kamata a riƙa karɓe wayoyi a bakin ƙofa kamar ɗakin jarrabawa.