Matan da suka fara gudun Dipsea: wa ya san tarihinsu?

Malamar Wasanni:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina koyar da motsa jiki a makarantar 'yan mata, kuma ina neman labarin matan da suka fara shiga gasar gudun daji da duwatsu, ba na filin wasa ba. An ce mini akwai wata tsohuwar gasa a Amurka mai suna Dipsea da aka daɗe ana hana mata shiga. Gaskiya ne? Yaushe aka bar su, kuma wace ce ta fara cin gasar?

Baban Yara:
Wa alaikumus salam Malama. Gaskiya ne. Tun 1905 ake yin Dipsea a jihar Kalifoniya, arewa da San Faransisko. Daga garin Mill Valley ake tashi, kafin mutum ya ankara ya tarar da matakala sama da 600 a gabansa, daga nan a ratsa dajin Muir Woods mai dogayen itatuwa, a hau tudu, sannan a gangara bakin teku a Stinson Beach. Kilomita 12 ne kawai, amma ba fili, daga hawa sai gangara.

Matan kuwa tun 1918 suka bi hanyar. A lokacin hukumar wasanni ta AAU ba ta yarda mace ta yi gudu mai nisa ba, sai masu shiryawa suka ce ai tattakin mata za a yi. Tattaki a takarda, amma da aka ba da izinin tashi gudu suka yi. Edith Hickman ce ta zo ta ɗaya, cikin awa ɗaya da minti 18. A 1922 Emma Reimann ta sauko da lokacin zuwa awa ɗaya da minti 12. Ki gwada wa ɗalibanki wannan: kilomita 12 a kan dutse, ba takalman gudu irin na yau.

Shekara biyar aka yi, aka rufe bayan 1922. Surutu ne ya yi yawa, wasu na cewa gudu zai lalata lafiyar mace har ya hana ta haihuwa, wasu na cewa bai dace ba. Wallahi wannan ne ya fi ci mini rai, don ba kasawa suka yi ba, an ga sun iya da ido sannan aka hana su. Daga baya wasu suka riƙa shiga cikin maza ba lamba, ba suna a rajista. Sai a 1971 aka karɓe su a hukumance, kusan shekara 50 ke nan. A 1973 Mary Etta Boitano ta zama mace ta farko da ta ci gasar baki ɗaya, tana da shekara 10.

Ɗan Tsere:
Baba, a yi mini afuwa, yarinya 'yar shekara 10 ta wuce ƙarti? Da sake.

Baban Yara:
Ɗana, ba a tare ake tashi ba. Yara da tsofaffi da mata ana ba su ratar mintuna gwargwadon shekaru da jinsi, samari majiya ƙarfi su tashi a ƙarshe, wanda ya fara isa shi ya ci. Shi ya sa Reilly Johnson ta ci a 2010 tana 'yar shekara 8. Amma ratar ba ta hawa wa kowa matakala. Ɗaruruwa ake ba rata kowace shekara, mutum ɗaya ke ci.

Inna daga Garwa:
Malama, in kin gama da Amurka ki leƙo nan Kamaru. Gasar hawan Dutsen Kamaru a Buea tun 1973 ake yin ta, dutsen ya haura mita 4,000, a hau a sauko rana ɗaya. Sarah Etonge, uwar 'ya'ya bakwai, sau bakwai ta ci ɓangaren mata, har ana kiran ta Sarauniyar Dutse. Ina ga 'yan matanki za su fi jin labarinta a jika.

Malamar Wasanni:
Na gode Baba, na gode Inna, Allah ya saka da alheri. Da Sarah zan fara, sannan matan 1918. Inna, a wane wata ake yin gasar Buea? Ina so mu kalla tare da yaran.