Tudun rage gudu ne maganin haɗari a mararrabar unguwa?

Mai Unguwa: Ni dai ra'ayina, kowace mararraba a cikin unguwa a zuba mata tudun siminti ta kowane ɓangare. Direba ba ya jin allon gargaɗi, sai abin da zai daki motarsa.

Injiniya: Ranka ya daɗe, rage gudun kam dole ne. Mai tafiya a kilomita 50 a awa yakan ci kusan mita 14 a daƙiƙa ɗaya kafin ma ƙafarsa ta kai kan burki. A kilomita 30, mita 8 ne. Amma abin da matasa ke yi da buhun siminti biyu ba shi ne tudun ba. Na ƙa'ida tsayinsa santimita 7 zuwa 10, doronsa ya miƙe kusan mita 3.7, mota ta hau a hankali ta sauka. Nasu kuwa siriri ne mai tsini, yana fasa salansa, yana kayar da mai babur da dare.

Direban A-daidaita-sahu: Injiniya, ka manta da gefe. Idan aka bar rata a bakin kwata, duk masu babur nan suke kutsawa, daidai inda yara ke tafiya.

Injiniya: In aka toshe ta kuma ruwan damina ya kwanta a gindin tudun ya cinye kwaltar. A bar ratar, kada dai ta wuce tafin hannu biyu.

Malamar Makaranta: Duk kun tsaya a kan gudu. Yaro ɗan firamare da ya fito daga lungu, kwantenar mai shago da motar da aka ajiye a kwana sun rufe shi ruf. Direba bai gan shi ba, shi ma bai ga direba ba. Wane tudu ne zai gyara wannan?

Mai Unguwa: Hajiya, tayar da mai shago ai rigima ce.

Malamar Makaranta: A matsar da shi mita 10 daga kwanar, ba korarsa aka ce a yi ba.

Injiniya: Hajiya ta fi mu gaskiya. Tudun ma kada a ɗora shi a kan kwanar, mai juyawa hankalinsa zai rabu biyu. A ja shi baya kamar mita 15, a shafa masa farin fenti, a sa fitila kusa, kuma a nemi izinin hukumar da ke da titin kafin a taɓa kwalta.

Direban A-daidaita-sahu: Fentin nan damina ɗaya yake yi. Wa zai riƙa sabunta shi?